Lauyan Karkara: Inda Shari'a Ke Lalacewa Tun Kafin A Isa Babbar Kotu

Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 da kansa ya san akwai nisa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu mai hurumi da ba ta wuce kilomita 40 daga inda ake tsare da shi ba. In babu, kwana biyu ne, ko fiye da haka matuƙar kotu ta gamsu akwai uzuri. Mutumin Fagge ko Unguwar Sarki ba ruwansa da wannan rabin na biyu. Na mutanen ƙauyukan bayan Machina ne, da na Toungo, da na saman tsaunin Mambila, irin garuruwan da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa.

Lauyan da ya zaɓi zama a irin waɗannan wurare, aikinsa ba doguwar muhawara da Turanci a gaban manyan alƙalai ba ne. A ganina mafi yawan shari'un mutanen karkara ba don rashin gaskiya suke faɗuwa ba. Ko dai an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, ko an bari wa'adi ya wuce, ko kuma abin da magatakarda ya rubuta a zaman farko ya riga ya ɗaure mutum tun bai san ana ɗaure shi ba. Lauyan birni yakan karɓi shari'a bayan ta lalace, ya yi ta faci. Amfanin wanda ke zaune kusa shi ne yana nan a makon farko.

Hanyar shiga aikin ɗaya ce ga kowa: shekara biyar a jami'a, huɗu ga wanda ya fara daga aji biyu, shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari, ko Bagauda, ko Yola, ko wani reshen, sai a rantsar da kai, ka sa suna a rajistar Kotun Ƙoli. Kowace shekara ka biya kuɗin izinin aiki kafin 31 ga Maris, ka karɓi hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake manna wa takardu. Abin da shekara ɗayar nan ta Makarantar Horar da Lauyoyi ba ta ba mutum shi ne fiƙihun Malikiyya, alhali a Arewa mai nisa da shi ake yanke mafi yawan shari'un gona, gado da aure. Wanda ya karanci doka haɗe da shari'ar Musulunci a Zariya, ko Bayero, ko Ɗanfodiyo, ko Maiduguri ya samu sauƙi. Wanda bai yi ba, ya nemi malami ya zauna ya karanci babin hukunci da na shaida a littattafan Malikiyya, wato Risala da Tuhfa da Muhtasar, domin daga cikinsu alƙali zai jawo nassi, kuma ba zai jira ka je ka tambayo ba.

Akwai dalilin da ya sa har yau dattawa da yawa ke ganin lauya na babbar kotu ne, ba na gaban alƙali ba. A da doka ce ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan gargajiya da kotunan yanki da suka gaje su a ƙarshen shekarun 1960. Sai bayan Tsarin Mulkin 1979 kotuna suka ce hanin ya ci karo da 'yancin mutum na ɗaukar lauyan da yake so. Dokar ta kau, amma tunanin bai kau ba. Shi ya sa mutum zai je zaman farko shi kaɗai, ya amsa abin da bai fahimta ba, sai an yanke hukunci sannan dangi su sayar da akuya a nemo lauya.

Gona ita ce uwar shari'u a karkara, don haka a nan ya kamata a daɗe. Tambayar farko ba "gonar wa ce?" ba ce, kowa zai ce tasa ce. Tambayar ita ce: ta yaya ta shiga hannun wanda ke noma ta yanzu? Gado, saye, kyauta, aro, jingina, haya, ko saran daji? Wa ya fara sare ta, a zamanin wane dagaci? Wa ke gabas, wa ke yamma, kudu da arewa? Shekara nawa wancan yake noma ta, kuma ina mai ƙara yake duk tsawon lokacin? Lauyan da bai zauna ya warware wannan ba kafin ya rubuta da'awa, ya kai wanda yake karewa ya baro.

Dalili kuwa shi ne hauzi. A Malikiyya, idan mutum ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aikinta kamar tasa, mai ita yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, bai kuwa ce uffan ba, to ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin 'yan uwa da surukai kotunan ɗaukaka ƙara sukan tsaya a kan shekara 40, saboda an san kunya da zumunci na sa mutum ya yi shiru. Amma hauzi ba ya cinye aro, ba ya cinye jingina, haya ko amana, kuma ba ya aiki a kan wanda yake yaro, ko wanda ya yi tafiya mai nisa, ko wanda tsoron mai iko ya rufe wa baki. Saboda haka shari'ar takan koma kan kalma ɗaya tak: aro aka ba shi ko kyauta? Wanda ya ara wa maƙwabci gona kuma duk kaka ana kawo masa dami ɗaya ko biyu a gaban mutane, wannan damin shi ne hujjarsa bayan shekara 30. Wanda ya ce "haba, ai mun zama ɗaya," jikokinsa ne za su sha wahala.

Sai batun wanene mudda'i, wato mai da'awar da nauyin kawo hujja ke kansa. Ba lallai wanda ya riga zuwa kotu shi ne mai kawo shaidu ba; alƙali ne ke duba maganar kowa ya ga wa ke faɗin abin da ya saɓa wa asali, ya ɗora masa nauyin hujja. Wanda aka kai ƙara ya ce "ƙwarai, gonar ubansa ce, amma ya sayar mini," to ya juye ya zama mudda'i a kan cinikin. Mutane da yawa da bakinsu suke ɗaukar wa kansu wannan kaya a zaman farko. A sha'anin dukiya ana neman shaidu maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Shaidar uba ga ɗa ba ta karɓuwa, haka ta ɗa ga uba, ta miji ga mata, ta abokin gaba a kan abokin gabarsa, da ta duk wanda zai ci wani amfani in an yi nasara. A ƙauyen da kusan kowa ɗan uwan kowa ne, samun shaidu biyu da ba za a soke su ba aiki ne na kwana da kwanaki, kuma a gida ake tace su, ba a bakin kotu ba. Ka kwaso mutum shida a a-kori-kura, a soke biyar, ka yi asarar kuɗin mota da shari'a gaba ɗaya.

Kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko hujja. Rashin yin sa ya rushe hukunce-hukunce masu yawa a sama. Sai dai kotun sama ba ta san abin da ya faru a zaure ba, abin da ke cikin kwafin shari'a kawai ta sani. In ka soki shaida ba a rubuta ba, ba ka soka ba. In kotu ta taka gona ta ga iyaka, amma ba a rubuta wa ya halarta da abin da aka gani ba, ba a je ba. Lauyan da ya san aikinsa yakan roƙi kotu cikin ladabi, "Allah gafarta malam, a taimaka a rubuta wannan," kuma yana riƙe da nasa littafin yana rubuta kowace tambaya da amsarta.

Gado ma yawanci a kan gona yake fashewa. Rabon kansa ba ya ba da wahala: bayan jana'iza da biyan bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji ba, mata su ɗauki tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, iyaye su ɗauki sudusi-sudusi, sauran a raba namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Inda ake rikici shi ne tantance abin da mamaci ya bari. Babban ɗa zai ce baba ya ba shi fadama tun yana raye. Kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya shiga tun mai bayarwa na da rai da lafiya. In uban ne ya ci gaba da noma ta har ya kwanta ciwon ajali, ta koma cikin gado. Wata matsalar ita ce barin gandu ba a raba ba shekara 20 don "kada gida ya watse." Kafin a farga, magada biyu sun rasu, nasu magadan sun shigo, 'yan mata sun yi aure a wasu garuruwa an manta da su, wani kuma ya sayar da kasonsa ga baƙo. A nan sauran ke da haƙƙin shuf'a, su biya kuɗin su karɓe, amma na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, ba na maƙwabci ba, kuma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi.

A gefen dokar boko, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar riƙon ƙasa ta gargajiya a wajen birane, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Sashe na 21 ya ce ba a sayar ko jinginar da irin wannan ƙasa sai da yardar ƙaramar hukuma. Kusan ba wanda ke bi. Takardar mai unguwa mai tambari, wadda mutane ke ɓoyewa a ƙasan adaka, ba shaidar mallaka ba ce a idon doka, amma hujja ce mai nauyi cewa an yi ciniki a gaban jama'a. A babbar kotu kuwa, hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa da Kotun Ƙoli ta jera a shari'ar Idundun da Okumagba a 1976 su ake bi, kuma wanda ya fi kayar da mutanen karkara shi ne tarihin gado mai giɓi: ka ce kakanka ya sare, amma ka kasa faɗin yadda ta sauko hannu zuwa hannu har ta iso gare ka.

Takardar ciniki mai kyau ba ta wuce shafi biyu. Cikakken sunan mai sayarwa da mai saye da sunan iyayensu. Yadda mai sayarwa ya samu gonar. In gado ce, a faɗi ko an raba, in ba a raba ba kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure. Maƙwabtan kusurwa huɗu da sunansu, kuma su zama cikin shaidu. Tsawo da faɗi da awon mita, ba "daga tsamiya zuwa kwari" ba, don tsamiya tana faɗuwa, kwari yana cin ƙasa. Wayar hannu ma tana iya ɗaukar lambobin kusurwa in babu kuɗin safiyo. Kuɗin da aka biya da ranar da aka biya. Makomar itatuwan da ke ciki, irin su ɗorawa, kaɗanya da kuka, saboda sau da yawa mai sayarwa yana ganin gona ya sayar ba ɗorawa ba. In wani bai iya karatu ba, a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa da harshen da yake ji, ya ce ya gane, sannan ya dangwala, tare da sunan wanda ya fassara. A yi kwafi uku, a ɗauki hoton kowanne, domin gara da gobara da ambaliya sun cinye hujjoji fiye da yadda ɓarayi suka sace.

Ɗaukaka ƙara shi ne tarkon da ya fi kama har da lauyoyi. Hankali zai ba ka cewa abin da aka fara a kotun Shari'a, a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zai ƙare. Ba haka ba ne. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya taƙaita huruminta ga abin da ya shafi aure, riƙon yara, waliccin marayu da masu taɓin hankali, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Rikicin mallakar gona tsakanin mutum biyu da ba gado suke rabawa ba, ko ciniki, ko jingina, Babbar Kotun jiha ake kai shi. Wasu jihohi sun yi doka bayan shekarar 2000 don faɗaɗa hurumin, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya kuwa ta sha cewa dokar jiha ba ta ƙara wa abin da Tsarin Mulki ya iyakance. Sakamakon shi ne mutum ya yi shekaru yana safa da marwa, ya ci nasara a gaban ƙadi uku, a je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya a Sakkwato ko Yola a share komai da jimla ɗaya: ba su da hurumi. Abin da ke nuna ƙofar shi ne da'awar da mai ƙara ya yi a kotun farko, ba sunan da aka raɗa wa shari'ar daga baya ba. Kalmar "gado" ta fito a ciki ba ta mai da ita shari'ar gado; sai in rabon ne ake jayayya a kai.

Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne. Daga Babbar Kotu zuwa sama, wata uku ne a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a ta laifi, kwana 14 kacal a hukuncin tsakiyar shari'a. Kada a jira kwafin shari'a kafin a shigar da sanarwa. A shigar da ita da dalili ɗaya ko biyu, a nemi izinin ƙarawa in kwafi ya fito. Kwafin kuma da Hausa yake, sai an juya shi zuwa Turanci kafin ya hau. A nan mai fassara zai mai da "aro", "riƙo" da "kyauta" duk su zama kalma ɗaya mai nufin "ya ba shi". Lauya ya ajiye na Hausa da na Turanci gefe da gefe ya bi layi-layi kafin a tura.

Shari'un da duniya ta fi sani daga ƙauyukan Arewa ma a kan irin waɗannan abubuwa suka juya. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin rajamu a 2001, an sallame ta a Sakkwato a Maris 2002, kuma cikin dalilan har da cewa abin da ake zargi ya riga dokar fara aiki. Amina Lawal an yanke mata irin wannan hukunci a Bakori a 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, sai a 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe hukuncin. Aliyu Musa Yawuri ne ya jagoranci lauyoyinta, tare da Hauwa Ibrahim, 'yar garin Hinna ta jihar Gombe, wadda Majalisar Tarayyar Turai ta ba lambar yabo ta Sakharov a 2005. Ba da hayaniyar ƙasashen waje suka yi nasara ba, da fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka yi: alƙali ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce da mashawarta biyu, kuma an hana ta janye iƙirarinta. Safiya da Amina dukkansu ba su da lauya a zaman farko.

A ɓangaren laifi, aikin yana farawa ne a caji ofis. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma ce a ɗauki jawabin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita. Duk da haka uwa na kwana bayan kanta don ɗanta ya gudu, kuma bashin taki na komawa "zamba cikin aminci" a takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu. Zuwa da faɗa ba ya fitar da kowa. Abin da ke aiki shi ne gajeriyar takardar neman beli mai kwanan wata da lokaci, a miƙa, a sa a buga wa kwafinka tambarin karɓa. Jami'in da ya ga an fara ajiye takarda ya san maganar tana iya isa Babbar Kotu ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda ba su da wa'adi kuma suka yarda wani ya shigar a madadin wanda ke tsare.

Babban ramin shi ne ajiya. An zargi mutum da kisa ko fashi, an kai shi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron laifin, ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya tashi daga ƙaramar hukuma zuwa sashen binciken manyan laifuka a babban birnin jiha, daga can zuwa ofishin daraktan gabatar da ƙara. A kowace gaɓa yana iya kwanciya: an sauya wa mai bincike wurin aiki, babu kuɗin buga kwafi, babu motar kawo fursuna. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke. Dokar tarayya ta ce umarnin ajiya kwana 14 ne a karon farko, ana sabuntawa da dalili, kuma in an kai iyaka ba a kawo tuhuma ba a sallami mutum. Kwanakin sun bambanta a dokokin jihohi, kowa ya duba ta jiharsa. Amma kwanakin ba sa ƙirga kansu. Lauya ya buɗe littafi: suna, ranar kamu, lambar ƙara, sunan mai bincike, ranar da fayil ya tafi, lambar wasiƙar da ta raka shi. Da wannan lambar ake gano fayil a hedikwata, ba da sunan mutum ba, don Musa Abdullahi ya fi a ƙirga. Da wannan littafin kuma ake tunkarar majistare a ziyarar wata-wata da doka ta ɗora masa zuwa ofisoshin 'yan sanda, da Babban Jojin jiha ranar da ya zo rage cunkoso. Sunan da ba ya cikin jerin da aka shirya kafin zuwansa, da wuya a kira shi.

Sharuɗɗan beli da aka kwafo daga birni, irin su ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai takardar fili a cikin gari, daidai suke da hana beli ga ɗan ƙauye. A roƙi kotu tun a zaman ta karɓi dagaci, limami, shugaban makarantar firamare ko ɗan uwa mai gona sananniya. Mace tana iya tsaya wa mutum, doka ta faɗa ƙarara. Lauya dai ba ya tsaya wa wanda yake karewa, ko da an matsa masa. Ƙa'idar aiki ta hana.

Ɓarnar shanu ta kaka tana son sauri fiye da komai. A ranar, kafin raɓa ta sauka sawu ya ɓace, a kira sarkin noma da ardo da wakilin dagaci su taka wurin tare, a auna inda aka ci, a ƙiyasta dami ko buhu nawa, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. A duba kuma ko gonar ce ta ci burtali ko mashaya, domin wannan ma yana faruwa ba sau ɗaya ba, kuma lauyan da manoma kaɗai ke gani nasu ne ba zai iya sasanta kowa ba. A tsallaken iyaka, Nijar ta kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, hukuma kuma na sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Makiyayin da ya saba da wancan tsari yakan shigo da lissafin da bai yi daidai da na nan ba. Sulhun da aka cimma a rubuta shi, a kai kotu ta mai da shi hukunci, in ba haka ba baɗi a sake.

Abin da ba a sulhu a kansa shi ne fyaɗe. Za a zo da manya, a ce a rufa asiri. Yarinya ta isa asibiti cikin awa 72 don maganin kariya daga cutar ƙanjamau da rahoton likita, kada a wanke tufafin. Akwai cibiyoyi na musamman, Waraka a Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato, amma daga ƙauye babban asibiti mafi kusa shi ne farko.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi. Akwai dokar 2023 da ta tsara mafi ƙarancin kuɗin aikin lauya, amma mai gona ɗaya ba ya da shi sai bayan girbi, wani ma da buhun gero ko rago zai zo. Abin da ya fi cin lauya ba aikin ba ne, zirga-zirga ce: ka kwana a hanya, ka iso, a ce alƙali ya tafi taro. Lambar wayar rajistara ta fi littattafai da yawa amfani. A raba kuɗin aiki da kuɗin mota da kuɗin kotu a rubuce tun ranar farko, a bayar da rasit ko na rago ne, kuɗin diyya ko na gado da ya biyo ta hannunka kuma ya zauna a asusu dabam. Wanda ya ce "in an ci, rabin gonar taka ce," a ba shi haƙuri. Ranar da ka zama mai rabo a gonar, ka daina iya ba shi shawarar ya yi sulhu. Hukumar Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976 tana ɗaukar wa marasa ƙarfi lauya kyauta, sai dai ofisoshinta sun fi yawa a manyan birane, don haka sau tari lauyan karkara ne ke haɗa su da mai buƙata.

Zama lauya ɗaya tilo a gari yana da nasa nauyi. Ɓangare biyu duk za su zo gidanka, wani da asuba, wani bayan isha'i. Wanda ka fara sauraron sirrinsa ya rufe maka ƙofar ɗayan, ko da bai biya ko sisi ba. Saboda haka a tambayi sunan abokin shari'a kafin a bar mutum ya fara bayani. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma za su so ka zama nasu. Gaisuwa wajibi ce, amma wanda ya karɓi albashin wata-wata daga ƙaramar hukuma ba zai iya kai ta ƙara ba ranar da ta yanka gonakin mutane ta yi filoti.

Irin wannan ranar tana zuwa, ko don hanya, ko dam, ko layin wuta. Sashe na 28 da 29 na Dokar Ƙasa sun yarda gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, diyya kuma a kan amfanin gona da gine-gine da abin da aka kashe wa ƙasar take, ba a kan ƙasar tsura ba. Ranar ƙidaya ita ce komai. Kowane mai gona ya tsaya a gonarsa, a ƙirga mangwaro da ɗorawa da rijiya a gabansa, ya ga abin da aka rubuta kafin ya dangwala. Masu zuwa da takardar wakilci su ce a sa hannu za su karɓo wa gari kuɗi, a karanta kason da suka yanka wa kansu da babbar murya a gaban jama'a.

Mutum ɗaya ba zai iya kewaye ƙaramar hukuma ba. Dokar tallafin shari'a ta 2011 ta amince da mataimakan lauya, kuma kwalejojin shari'a na Kano, Misau, Ringim, Nguru da Yola na yaye matasa masu difloma da ke zaune a gida ba aiki. Mutum ɗaya a kowace gunduma, mace a inda za a samu saboda matan kulle, a koya musu cike takardar ciniki da ta aro, lissafin wa'adi, da sanin abin da ya fi ƙarfinsu su buga waya. Su riƙa tura iyaye karɓar takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, domin ranar da aka kama yaro, ita ce za ta raba shi da kurkukun manya, kuma dokar 2015 ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 18 ba lokacin da aka yi laifin. Rabin awa a rediyon jiha, ko zama a inuwa ranar kasuwa, ya fi taron otal isa ga mutane.

Ta fuskar ci gaban aiki, kada a ruɗi matashi. Muƙamin Babban Lauya na SAN yana neman shekara 10 da tarin shari'u a Babbar Kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Ɗaruruwan shari'un da ka yi a gaban alƙali da majistare ba sa shiga lissafi. Wanda ke da wannan buri dole ya riƙa bin shari'unsa har sama da kansa maimakon miƙa su ga lauyan birni. Hanyar alƙalanci ta fi buɗewa: jojin Babbar Kotu na buƙatar shekara 10 da zama lauya, ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ma shekara 10 tare da shaidar karatun shari'ar Musulunci da aka amince da ita, kuma Tsarin Mulki ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana wannan fanni a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Mai niyyar neman ɗayan waɗannan ya fara tara kwafin hukunce-hukuncen da sunansa ya fito a ciki tun shekararsa ta farko, masu tambarin kotu, domin rajistar ƙaramar kotu ba ta cika iya nemo fayil ɗin da ya shekara 10 ba.